Haske ko Rashin Nauyi? Asalin Kalmar "Light" da Yadda Ake Amfani da Ita

 Yau za mu ɗauki wata 'yar gajeruwar kalma ta Turanci wadda ko wanda bai taɓa zama a aji ba ya san ta, wato "light". Ɗan firamare ya san ta, mai sayar da kayan wuta a kasuwa ya san ta, hatta tsohuwar da ke zaune a tsakar gida ta sha jin ta a bakin jikokinta duk lokacin da aka kawo wuta. In ka tambayi mutane ma'anarta, kusan kowa zai ce maka haske. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Waɗannan baƙaƙe biyar suna ɗauke da kalmomi biyu waɗanda ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, tafiyar zamani ce kawai ta sa musu riga iri ɗaya. Ɗaya tana nufin haske, ɗayar kuma tana nufin abu marar nauyi. Ɗalibin da bai rarrabe su ba yakan yi asarar maki a jarrabawa, tafintan da bai rarrabe su ba kuwa yakan tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya faɗi abin da mai wa'azi bai faɗa ba.

Mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Muna rubuta "gari" na mazaunin mutane da "gari" na tuwo da baƙaƙe iri ɗaya, haka nan "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Sai dai mu kunne yana taimakonmu, domin muryar da ake furta su ta bambanta. A wajen Bature kuwa ko kunne ba ya raba gardama. Rubutu ɗaya, furuci ɗaya, sai dai mutum ya dubi maganar da ke kewaye da kalmar.

Dangin haske

Bari mu fara da wadda aka fi sani. Mutanen da suka kai kakan harshen Turanci tsibirin Birtaniya sun ƙetaro ne daga arewacin Jamus da ƙasar Danmak ta yanzu a ƙarni na 5, kuma da kalmar suka zo a bakinsu. A tsoffin rubuce-rubucensu ana samun ta a matsayin "leoht". Ba su kaɗai ke da ita ba. Bajamushe yana cewa "Licht", mutumin Holan yana cewa "licht". Tun a ƙarni na 4 ma, lokacin da bishop Wulfila ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen wata al'umma da ake kira Got, wadda harshenta ya daɗe da mutuwa, ya rubuta "liuhath" a inda ake nufin haske. Duk wanda ya jera waɗannan kalmomi zai ga kamannin jini.

Zumuncin bai tsaya nan ba. A shekarar 1786 wani alƙali Bature mai suna William Jones, wanda ke aiki a Kalkata ta ƙasar Indiya, ya bayyana cewa tsohon harshen Indiyawa na Sanskirit da Helenanci da Latin sun yi kama da juna ƙwarai, kamar da ba za ta yiwu ba sai in daga tushe ɗaya suka fito. Masanan da suka biyo bayansa sun bi diddigin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har suka gano cewa akwai wani tsohon saiwa mai kama da "leuk" wanda ke nufin haskakawa. Daga gare shi Latin ya samu "lux" da "lumen", dukansu haske, da "luna", wato farin wata. Helenanci ya samu "leukos", wato fari, da "luknos", wato fitila. Harshenmu na Hausa ba ya cikin wannan dangi, namu dangin daban ne, inda Larabci da Ibrananci suke 'yan'uwanmu na nesa.

Mai karatu zai iya tambaya, to ina harafin "k" ya shiga a kalmar Turanci? Amsar tana wajen wani Bajamushe, Jacob Grimm, wanda shi da ɗan'uwansa suka yi suna wajen tattara tatsuniyoyi. A 1822 ya nuna cewa a reshen harsunan da Turanci da Jamusanci suka fito, tsohon "k" ya rikiɗe ya zama "h". Latin yana kiran ƙaho "cornu", ana furta farkonsa da "k", Turanci ya ce "horn". Latin yana kiran ɗari "centum", Turanci ya ce "hundred". Haka "k" ɗin da ke ɓoye cikin "lux" ya zama "h" na "leoht".

Waɗannan 'yan'uwa na Latin da Helenanci sun shigo gidajenmu ba tare da mun lura ba. Sabulun Lux da ake sayarwa a kowane shago sunansa kalmar Latin ce ta haske. Sunan Lusi da iyaye ke raɗa wa 'ya'yansu mata daga nan ya fito. Cutar sankarar jini da likitoci ke kira lukimiya ma'anarta farin jini ce, sunan da likitan Jamus Rudolf Virchow ya ba ta a 1847 saboda yawan fararen ƙwayoyin da ya gani a jinin mai ciwon.

Akwai kuma sunan da ke sa gaban mutane faɗuwa, wato Lusifa. A Latin kalmar ba ta da wani muni, ma'anarta mai ɗauke da haske, kuma da ita Romawa ke kiran tauraron asuba, wanda mu muke kira gamzaki. Jerom, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin wajen ƙarshen ƙarni na 4, ya yi amfani da ita a Ishaya 14:12, cikin habaicin da annabin ya yi wa sarkin Babila. Ita ce kuma kalmar da ke cikin Littafin na Latin a 2 Bitrus 1:19, inda maganar gamzaki take da ma'ana mai kyau. Masu fassarar King James ta 1611 sun bar ta yadda take a Ishaya, da babban harafi, ta kuma zauna a kunnen masu jin Turanci a matsayin sunan Shaiɗan kawai. Duk da haka a ƙarni na 19 mutanen Ingila suna kiran ashana da wannan suna, kuma har yau mutumin Holan in yana son ashana "lucifer" yake cewa a ba shi.

Baƙaƙe biyu da suka yi shiru

Kowane malamin firamare ya sha wannan tambaya daga yara: me ya sa ake rubuta "g" da "h" a tsakiyar kalmar alhali ba a furta su? Wasu malaman kan ce haka Bature ya ga dama. Ba haka ba ne, akwai dalili. A dā ana furta su. Sautin yana fitowa ne daga cikin baki ta wajen ganɗa, kusa da harafin nan na Larabci da ke farkon sunan Khalid. Bajamushe har yanzu yana furta shi a "Licht", haka ma wasu mutanen Sikotlan. Marubutan Ingila sun daɗe suna neman yadda za su rubuta shi. Da farko sun sa "h", daga baya suka yi amfani da wani harafi mai kama da lamba 3, wanda ake gani a fassarar almajiran Wycliffe ta wajen 1382, a ƙarshe suka tsaya kan "gh".

Matsalar ita ce, daidai lokacin da rubutu ke zama da gindinsa, baki ya riga ya yi gaba. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, littattafai suka fara yawa, mutane suka fara sabawa da ganin kalmomi da siffa ɗaya. A tsakanin wajen 1400 da 1700 kuwa furucin Turanci ya sauya ƙwarai. Wannan sauti na ganɗa ya ɓace a kudancin Ingila, wasalin da ke gabansa ya yi tsawo, sannan ya lanƙwashe, har aka iso ga abin da muke ji yau kamar "layit". Rubutu ya tsaya inda yake. Abin da ya faru da "night" da "right" da "fight" ke nan. A wasu kalmomin sautin bai ɓace ba, ya koma "f", shi ya sa ake furta "laugh" da "cough" yadda ake furta su.

Mu ma mun yi wa wannan sauti irin haka da muka aro kalmomin Larabci. Khalid ya zama Halidu, "al-khair" ya zama alheri, a "labari" kuwa, wanda ya fito daga "al-khabar", sautin ya ɓace ɗungum. Bambancin kawai shi ne, lokacin da aka zo rubuta Hausa da boko an bi abin da baki ke faɗa, ba a ajiye mana matattun baƙaƙe ba. A nan dai mun fi Bature sa'a, kuma yaranmu sun fi nasa saurin iya haɗa baƙi.

Wani abin dariya shi ne, da "gh" ya zama ado, sai aka fara liƙa shi inda ba gidansa ba. Kalmar "delight", wato jin daɗi, daga Faransanci ta zo, kuma "delit" ake rubuta ta. A ƙarni na 16 aka cusa mata "gh" don ta yi kama da "light". Ba ta da dangantaka da haske ko kaɗan, don haka mai wa'azin da ya tsaga ta biyu ya gina darasi a kan hasken da ke cikinta, ya yi gini ne a kan kuskuren marubutan dā. 'Yan talla na zamani kuma sun juya ta ɗaya gefen, suna rubuta "lite" a jikin kwalba da gwangwani. Wannan rubutun kasuwa ne, kada ɗalibi ya kai shi ɗakin jarrabawa.

Ta biyun, wadda ba ta da nauyi

Ita ma wannan a tsohon Turanci "leoht" ake rubuta ta, wato fiye da shekara dubu ke nan da su biyun suka haɗu. Amma Jamusanci ya riƙe su a rarrabe: haske "Licht", marar nauyi "leicht". Latin ma haka, "lux" a gefe guda, "levis" a ɗaya gefen. Daga "levis" Turanci ya samu kalmomi da dama masu ma'anar ɗagawa ko rage nauyi, irin su "relief", wato sauƙi, da "leaven", wato yisti mai sa ƙullu ya tashi. Bahaushe kuwa bai taɓa haɗa su ba. Yana da haske, yana kuma da marar nauyi, in yana son ya ƙarfafa ya ce abin sakayau yake.

'Yar'uwar wannan kalma ta kusa a Turanci ita ce "lung", wato huhu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta ya san dalili. Cikin kayan ciki duka babu abin da ya kai huhu rashin nauyi, in ka jefa shi a ruwa sai ya taso sama. Mahautan Ingila suna kiran huhun dabba "lights", kuma a harshen Rasha sunan huhu ma'anarsa marasa nauyi.

Wannan ita ce kalmar da ke cikin sunan ɗanyen man ƙasarmu, Bonny Light, wanda aka raɗa wa sunan garin Bonny na Jihar Ribas inda ake lodinsa a jiragen ruwa. Man ba ya walƙiya. Abin nufi shi ne ba shi da kauri, yana gudana da sauƙi, kuma in aka tace shi yana ba da fetur da kananzir da gas masu yawa, shi ya sa matatun duniya ke son sa. Ita ce kuma ke cikin ajin damben Turawa da ake kira "light heavyweight", inda aka haɗa marar nauyi da mai nauyi a suna ɗaya, wato ajin manya amma ba manyan can ba, wanda iyakarsa kilo 79 da 'yan kai. Ɗan Nijeriya Dick Tiger ya ci kambun duniya na wannan aji a watan Disamba na 1966 a birnin New York, inda ya doke José Torres. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a Abuja a 2018, wanda ake kira "light rail", shi ma nan ya dosa.

Daga nauyin sikeli sai ma'anar ta bazu. Yayyafi, barci marar zurfi, abinci marar cika ciki, aiki mai sauƙi, hukunci mai sassauci, duk Bature da wannan kalma yake siffanta su. In ya ce mutum "light-headed" ne, jiri ke ɗibarsa. In ya ce "light-fingered", to a kula da aljihu, mai ɗan hali ne. In kuma ya ce wane ya yi "make light of" wata magana, nufinsa ya ɗauke ta da wasa, bai haskaka ta ba.

Akwai wani reshe da ya fi sauran ɓoyuwa. Mahayi in ya sauka daga doki ya rage wa dokin nauyi, saboda haka kalmar ta samu ma'anar sauka. Daga nan aka samu "alight", wadda ake faɗa wa fasinja in zai sauka daga mota. Sai ga shi akwai wata "alight" ɗin ta dangin haske, mai nufin abu yana cin wuta. Haka "lighter": akwai ta kunna wuta, akwai kuma kwalekwalen da ke rage wa babban jirgin ruwa kaya a bakin teku.

Dabarar rarrabewa mai sauƙi ce. Mutum ya tambayi kansa, mene ne kishiyar kalmar a wannan wuri? In duhu ne, to haske ake nufi. In nauyi ne, to ta biyun ce. Launi yana bin haske, don haka "light blue" shuɗi ne mai haske, mutum mai "light skin" kuma fari ne, ba ramamme ba.

Inda tafinta ke tuntuɓe

Mun san cewa a ikilisiyoyinmu da yawa, musamman na birane, ana wa'azi da Turanci ana juyawa da Hausa nan take, kuma matasa da yawa sun fi riƙe Littafin Turanci. Saboda haka wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi, kuma a can babu ruɗani. Inda Ubangiji ke maganar haske a Yahaya 8:12, kalmar ita ce "fos". Inda yake maganar karkiyarsa da kayansa a Matiyu 11:30, kalmar ita ce "elafron", wato marar nauyi, ita ce kuma Bulus ya siffanta wahalar wannan zamani da ita a 2 Korantiyawa 4:17. Turanci ne kawai ya zuba su a ƙwarya ɗaya. Wanda ya karanta Matiyu 11:30 ya ce kayan na haske ne, ya kauce wa abin da aka rubuta, ko da kuwa maganar tasa ta yi daɗin ji. Littafin Hausa, tun fitowarsa cikakke a 1932, ya raba su, domin harshen bai ba da wata hanya ba.

Tsohuwar fassarar King James ta fi kowace yawan tarko. A Farawa 24:64, inda Rifkatu ta hango Ishaku, an yi amfani da "lighted", ma'ana ta sauko daga raƙumi. A Matiyu 3:16, wajen baftismar Ubangiji, an yi amfani da "lighting", kuma mai karatu zai iya zaton Ruhu ya haskaka shi ne, alhali sauka a kansa ake nufi. A Littafin Ƙidaya 21:5, da Isra'ilawa suka siffanta manna da wannan kalma, raina ta suka yi. A Mahukunta 9:4 kuma, mutanen da Abimelek ya yi ijara da su an siffanta su da ita, ma'ana 'yan iska marasa kamun kai. A ra'ayinmu, duk wanda aka ba aikin tafinta ya kamata a ba shi nassosin ranar tun da wuri, ya buɗe su a Littafin Hausa kafin a shiga sujada. Wannan ba raini ba ne ga iliminsa. Ko wanda ya yi digiri, in aka jefo masa irin waɗannan ba shiri, zai iya zamewa.

An kawo wuta

Sai mu zo ga ma'anar da muka ƙara wa kalmar a nan gida. A Turancin Nijeriya, "light" wutar lantarki ce. Mutum zai ce babu ita ko da tsakar rana, lokacin da ba ya bukatar ƙwai ko ɗaya, firij ɗinsa ne ya tsaya ko injin niƙa. Mutumin Landan in ya ji haka zai ɗaga kai ya dubi rana, domin shi "power" ko "electricity" yake cewa. Mutanen Gana ma irin namu suke yi, "light off" suke cewa in an ɗauke.

Ba mu yi laifi ba da muka kira ta haka, tarihinta ne ya jawo. Aikin farko da lantarki ya yi a gidajen mutane shi ne kunna ƙwai. Kamfanin da Thomas Edison ya kafa a Amurka a 1878 ma da sunan hasken lantarki aka kira shi. A Legas an fara samar da lantarki a 1896. Hukumar NEPA an kafa ta a 1972, aka sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, sannan a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Hukumar ta tafi amma sunanta bai bar bakin yara ba, har yau shi suke kira in ƙwai ya kama.

Abin lura shi ne, Bahaushe da ya ga lantarki bai kira shi haske ba, wuta ya kira shi, watakila don ya ga yana ƙona wanda ya taɓa shi. An kawo wuta, an ɗauke wuta, kuɗin wuta, ma'aikatan wuta. To ga inda haɗarin yake. Wanda kunnensa ya saba da cewa "light" ita ce wuta, in aka tsayar da shi tafinta, bakinsa zai iya rigan tunaninsa. A ce mai wa'azi yana kiran jama'a su fito daga duhu su shiga "light", tafinta kuma ya ce su shiga wuta. Kowa ya san abin da shiga wuta ke nufi a Hausa, a majami'a ko a masallaci. Kalma ɗaya ta juya wa'azin gaba ɗaya.

Gaskiya ne haske da wuta maƙwabta ne a harsuna da yawa. A Larabci "nur" da "nar" saiwarsu ɗaya, daga na farkon muka samu annuri da sunan Nura. Ibrananci ma yana da wannan saiwa a sunan alkukin nan mai rassa bakwai na alfarwa, wato menora. Turanci kansa yana amfani da "light" a matsayin aikatau na kunnawa, ko fitila ko murhu, kuma in abin ya wuce ana iya cewa "lit" ko "lighted", duka daidai ne. Amma Hausa tana da kalmomi uku a inda Turanci ke da ɗaya, kuma dole mai fassara ya zaɓa: haske shi ne abin da ido ke gani, fitila ita ce abin da ke ba da shi, wuta ita ce abin da ke ci ko ke gudana a waya. Ita fitila ma aro ce daga Larabci, inda "fatila" ke nufin lagwani, mu kuma muka ba dukan abin sunan ɓangarensa.

Sauran maganganun da aka gina a kan hasken ba su da wuyar ganewa. "Bring to light" tono abin da ke ɓoye ne, "in the light of" bisa la'akari da abu ne, "green light" kuma izini ne, daga fitilar kan hanya. An kafa irin wannan fitila ta farko a Landan a watan Disamba na 1868, kusa da majalisar dokoki, da iskar gas take aiki, kuma ba ta daɗe ba ta fashe. Mu da ta iso mana sai muka kira ta danja, daga kalmar Turanci ta haɗari. Wadda ta fi ruɗa ɗalibai ita ce "light-year". Saboda akwai shekara a cikinta sai a zaci lokaci ne, alhali ma'aunin nisa ne, wato tazarar da haske ke ci a shekara guda. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, yana isowa daga rana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, a shekara kuma yana cin wajen kilomita tiriliyan 9.46. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana yana nesa da fiye da irin wannan tazara 4.

Ita kuwa "lumen" ta Latin da muka ambata a baya, yanzu tana jikin kwalin kowane ƙwan lantarki da fitilar sola. Ita ce ma'aunin yawan hasken, wat kuma ma'aunin wutar da ƙwan ke sha. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen wajen 800, sabon ƙwai na LED kuwa yana ba da wannan hasken da wat 10 ko ƙasa da haka. Kwamitin da zai sayo fitilun majami'a ko na aji, lambar lumen ya kamata ya duba.

Kalmar ta shigo Hausa ma, sai dai ta ɓad da kama. Tocila daga "torchlight" ta fito, wato "la" ɗin da ke ƙarshenta shi ne abin da ya rage na "light" bayan bakin Bahaushe ya sassaƙe ta. Bature na Ingila "torch" kawai yake cewa, Ba'amurke kuma "flashlight". Haka nan kalmar Helenanci ta Yahaya 8:12 tana bakinmu kullum. Daga "fos" aka ƙera sunan sana'ar ɗaukar hoto a Turai wajen 1839, ma'anarsa zane da haske, Turawa suka gajarta shi zuwa "photo", mu kuma muka mai da "f" ɗin "h" kamar yadda muka saba, muka ce hoto.